Tsakanin Ruwa da Jini

Wanda ya fara raɗa wa wannan cuta suna "hawan jinin ido" ya sauƙaƙa wa likitoci magana, amma ya bar mu da aiki. Sunan yana da daɗin faɗa, kowa kuma ya san hawan jini, don haka da an ambata sai mutum ya gyaɗa kai kamar ya gane. To me ya gane? Wani ya gane cewa hawan jininsa ne ya hau har ya kai ido, saboda haka in ya sha ƙwayarsa ya gama da duka biyun. Wani ya gane cewa tunda shi jininsa bai taɓa hawa ba, babu ruwansa da ita. Wata kuma ta duba madubi, ta ga idonta fari tas, babu ja babu kumburi, ta ce to ina jinin yake? Kowannensu sunan ya bi, sunan kuwa bai kai kowa gida ba.

Mu a gidanmu ba a littafi muka san gilakoma ba, gadonta muka ci. Ita ta rufe idon mahaifinmu kafin ya cika shekara sittin, ita ta tafi da ido ɗaya na gwaggonmu, ƙanwarsa, kuma a cikinmu mu bakwai da ya bari, uku na ɗiga magani kullum. Masana a Rotterdam ta ƙasar Holan sun lissafa a 1998 cewa ɗa ko ɗan'uwan mai wannan cuta ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da ita wajen ninki tara. Mu tun kafin lissafinsu mun san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shekarun da muka yi a kan bencin asibitin ido, yau mu kai wannan, gobe mu raka wancan, sun mayar da mu masu yawan tambaya, kuma wadda ta fi daɗewa a bakinmu ita ce: in ba jini ne ke hawa ba, mene ne haɗin jini da wannan ciwo? Amsar ta fi sunan ban mamaki. Abin da ke hawa ruwa ne. Jini kuwa, a idon da yawa daga cikin masu cutar, ba yawa ya yi ba, isa ne ba ya yi.

Akwai wani ruwa garai-garai da ya cika gaban ido, tsakanin tantanin nan mai kama da gilashi da ya lulluɓe baƙin ido da ɗan madubin da ke ciki, wanda yana ke kamawa idan an tsufa. Ba hawaye ba ne. Hawaye a waje yake, wannan kuwa a ciki, ba ya fitowa ko da mutum ya kwana yana kuka. Ido ne ke tace shi daga jini dare da rana, kaɗan-kaɗan, abin da bai kai ɗigo ɗaya ba a cikin minti goma. Shi ke ciyar da sassan gaban ido da babu hanyar jini a cikinsu, domin da akwai jini a wurin da haske bai ratsa ba, kuma shi ke riƙe ƙwayar ido ta tsaya da ƙarfinta kamar ƙwallon da aka yi wa iska. Yadda yake shigowa haka yake fita, ta wata makwarara mai ƙananan ƙofofi da ta zagaye gefen baƙin ido, ya koma cikin jini. Idan makwararar ta fara cushewa, shigowa ba ta tsaya ba, fita ta ragu, sai matsi ya ƙaru. Duk wanda ya ga tsakar gida ranar ruwan Agusta bayan leda ta toshe magudana ya san abin da ake nufi, sai dai ita tsakar gida a buɗe take, ido kuwa a rufe yake ruf. Da ma'auni iri ɗaya ake auna wannan matsi da hawan jini, amma lambarsa ƙarama ce: a yawancin masu lafiya tsakanin 10 da 21 take.

Ruwan a gaba yake, amma ɓarnar a can baya ake yin ta. Duk abin da ido ya gani yana tafiya ƙwaƙwalwa ne ta cikin zare-zare sama da miliyan ɗaya, waɗanda suka taru suka zama jijiyar gani. Dukansu ta wuri guda suke fita daga ƙwayar ido, wurin da faɗinsa bai kai milimita biyu ba, kuma a nan bangon ido ya zama kamar rariyar tankaɗe, kowane ƙullin zare yana bi ta ƙofarsa. Nan ne ya fi ko'ina rauni a bangon. Idan matsi ya yi yawa sai rariyar ta lotsa baya, zaren su maƙure, su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya mutu kuma ba ya tsirowa. Galibi na gefe ke fara tafiya, na tsakiya su yi saura. Shi ya sa Baba ya yi shekaru yana karanta Alƙur'aninsa da asuba ba tare da ya tsallake layi ba, alhali yana tuntuɓe da buta a ƙofar ɗaki, mai keke kuma sai ya zo daf da shi kafin ya san da zuwansa. Babu ciwo, babu ƙaiƙayi. Mutane suka ce tsufa ne.

Hausa ta ɗan cuce mu a nan, domin kalma ɗaya ta ba mu, jijiya, ta ce mu kira mai ɗaukar saƙo da ita, mu kira mai ɗaukar jini da ita, har da ta agara. Don kada a ruɗe, bari mu ce jijiyar gani ga ta farko, hanyar jini ga ta biyu. Jinin da ke zuwa ido yana tasowa ne daga babbar hanyar nan ta wuya, wadda ake jin bugunta in an ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Bayan ta shiga cikin ƙoƙon kai sai wani reshe ya ɓalle ya nufi kwarmin ido, ya rarrabu. Wani siriri ya kutsa cikin jijiyar gani ita kanta, ya ɓullo a cikin ido ya bazu a kan tantanin baya. Shi likita ke hangowa idan ya haska fitilarsa. Waɗansu kuma ƙanana ƙwarai suka huda bangon ido kewaye da jijiyar, su ne ke ciyar da wurin rariyar nan. Tantanin bayan ido mayunwaci ne, in aka gwada da girmansa kusan babu wani sashe na jiki da ya fi shi shan iskar oksijin. To ga inda gizo ke saƙar. A yawancin sassan jiki jini yana isa ne ya tarar da ƙofa a buɗe. A ido kuwa sai ya ture wani matsi da ke jiransa a ciki kafin ya shiga.

Manomin rani ya fi kowa saurin gane wannan. Inji yana turo ruwa daga rafi, mesa ta ɗauka ta kai wa tumatirin da ke ƙarshen gona. Hanya biyu ce tumatirin zai yi yaushi: ko wani ya taka mesar, ko injin ya rage ƙarfi. In an taka kaɗan kuma injin na da ƙarfi, ruwa zai wuce. In injin ya yi sanyi, ko taku kaɗan ya isa ya yanke ruwan. Zuciya ce injin, matsin ido shi ne ƙafar da ke kan mesa, abin da jijiyar gani ke samu kuwa shi ne ragowar da ke tsakaninsu. Likitoci suna da lissafi mai sauƙi na wannan ragowa: a ɗauki lambar ƙasa ta awon jini, a cire lambar matsin ido. Mai 80 a ƙasa da matsin ido 20 yana da ragowar 60. Mai 50 a ƙasa da matsin ido 20 ɗin dai yana da 30 kacal. Katin asibitin ido zai nuna su biyun lamba ɗaya suke da ita, amma jijiyoyinsu ba abinci ɗaya suke ci ba.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan lissafi ba. A birnin Baltimore na Amurka an auna dubban mutane, baƙi da farare, aka fitar a 1991 cewa cutar ta fi yawa a baƙar fata ninki huɗu zuwa biyar. A 1995 masu wannan bincike suka ƙara da cewa waɗanda ragowarsu ba ta kai 30 ba sun fi masu 50 zuwa sama haɗarin cutar ninki shida. A tsibirin Barbados, inda yawancin mutane jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne, an sami cutar a wajen mutum bakwai cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama, aka kuma bi waɗanda ba su da ita har shekara tara, sai aka ga masu ƙarancin ragowa sun fi kamuwa.

Gardamar tsohuwa ce. Shekara bakwai bayan Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido a 1851, likitoci biyu suka kalli lotsawar jijiya iri ɗaya suka rabu. Heinrich Müller ya ce matsi ne ke murƙushe ta. Eduard von Jaeger ya ce matsalar a hanyoyin jini take. Sama da shekara ɗari da sittin ke nan, almajiransu ba su gama ba. Ɓangaren matsi ne ya yi rinjaye a asibiti, kuma da hujja, domin matsi ana iya auna shi cikin minti ɗaya, ana kuma iya sauke shi. Amma akwai marasa lafiyar da suka hana a rufe maganar jini, wato waɗanda matsin idonsu bai taɓa wuce 21 ba, gani kuma yana ta zubewa. A garin Tajimi na Japan an gano a 2004 cewa sama da tara cikin goma na masu irin wannan cuta da aka fi sani, matsin idonsu bai wuce iyaka ba. A Basel ta Suwizalan kuma, Josef Flammer ya shafe shekaru yana lura da wasu mutane, galibi sirara, masu sanyin hannu da ƙafa, masu ƙarancin awon jini, waɗanda hanyoyin jininsu ke saurin tsukewa idan sun ji sanyi ko ransu ya ɓaci, ya nuna irinsu sun yi yawa a cikin masu wannan nau'i.

Babbar yayarmu tana cikin waɗanda suka hana a rufe maganar. Tun da aka ɗora ta a kan magani lambar idonta ta sauka ta zauna a 16, wani lokaci 17. Ba ta fashi, ba ta mantuwa, kwalbar tana cikin jakarta ko biki za ta. Duk da haka, duk lokacin da aka zaunar da ita gaban na'urar nan da ake danna maɓalli in an ga ɗigon haske, takardar sai ta fito da baƙi fiye da na bara. Wata rana likitar ta ajiye takardar, ta daina duban ido, ta shiga wasu tambayoyi da muka ɗauka hira ce. Ko tana ciwon ɓarin kai? Ko tana minshari har numfashi ya ɗauke? Ko ta taɓa zubar da jini mai yawa, wajen haihuwa ko haɗari? Sannan ta ce, "Hajiya, maganin hawan jininki da yaushe kike sha?"

Yaya ta ce, "Da daddare, likita, in zan kwanta. Duka biyun."

"Da asuba in kin tashi alwala, kina jin jiri?"

"Sai na dafa bango."

Yawancin masu lafiya jininsu yana sauka idan sun yi barci, da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Hutu ne ga zuciya. Amma a daidai wannan lokacin matsin ido yana ɗan ƙaruwa, saboda kwanciya. Injin ya rage wuta, ƙafar da ke kan mesa ta ƙara nauyi, mai idon kuma yana barci bai san ana yi ba, asibiti ma a rufe. Sohan Singh Hayreh, haifaffen Indiya da ya yi aikinsa a Jami'ar Iowa ta Amurka, shi ya fi kowa jan hankali ga wannan. A 1994 ya wallafa abin da ya gani bayan ya auna jinin marasa lafiyarsa dare da rana: waɗanda ganinsu ke ci gaba da lalacewa, musamman masu shan maganin hawan jini, jininsu ya fi na sauran faɗuwa cikin dare. Aka ɗaura wa Yaya irin wannan na'ura a damtse, mai matsawa da kanta duk bayan rabin awa, ta kwana da ita tana mita. Wajen ƙarfe uku na dare lambarta ta ƙasa ta sauka zuwa 48. Mai karatu ya cire 17 da kansa.

A nan muke so a saurare mu da kyau, domin magana irin wannan tana da saurin juyewa a hanya. Hawan jini ba garkuwar ido ba ne. Idan ya daɗe yana taurara hanyoyin jini ya tsuke su, har da na idon, sannan ga shanyewar ɓarin jiki, ga ƙoda, ga zuciya. Wanda ya karanta wannan ya ajiye ƙwayarsa don ya ceci ido, yana iya rasa idon da mai idon gaba ɗaya. Abin da aka yi wa Yaya ƙarami ne: likitar ido ta rubuta 'yar wasiƙa, muka kai wa likitan da ke duba jininta, shi kuma ya duba awon dare, ya mayar da shan maganin zuwa safe, ya rage ɗaya daga ciki. Ya ce hankalinsa a kwance yake, domin wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya a kan mutum sama da 21,000, aka fitar a 2022, ya nuna shan maganin da safe ko da dare bai bambanta ba wajen kare zuciya da ƙwaƙwalwa. Jirin asuba ya tafi. Takardu biyu da suka biyo baya ba su ƙara baƙi ba. Abin da ya riga ya tafi kuwa ya tafi. Har yau sai ta juya kanta gaba ɗaya kafin ta ga wanda ya zauna a hagunta.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wasiƙar. Mutum ɗaya ne, jini ɗaya, amma kati biyu, layi biyu, rana biyu, likitoci biyu da ba su taɓa ganin juna ba. Na ido yana murna da 16, na zuciya yana murna da awon safe mai kyau, kowanne ya yi aikinsa daidai, jijiyar kuwa tana mutuwa a tsakanin murnar biyu. Babu wanda zai haɗa su sai marar lafiya ko ɗan rakiyarsa. Tun daga nan duk wanda za shi asibitin ido a gidanmu sai ya zuba dukan magungunansa a leda ya tafi da su, wanda za shi wajen likitan jini kuma sai ya ɗauki kwalaben ido.

Domin hanyar ba ɗaya ba ce. Kamar yadda ƙwayar da aka haɗiya ke taɓa ido, haka ɗigon da aka sa a ido ke taɓa zuciya. A kusurwar ido ta wajen hanci akwai 'yar ƙofa da hawaye ke bi ya sauka hanci, daga nan ya shiga jini kai tsaye. Timolol, wanda ya fi kowane maganin gilakoma araha da yawa a kantunanmu, ɗan gidan magungunan rage bugun zuciya ne. Yana iya sanyaya bugun, yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa, shi ya sa likita ke tambaya kafin ya rubuta. Dabarar rage wannan ba ta cin ko kwabo: a ɗiga ɗigo ɗaya tak, a rufe ido, a danne kusurwar da yatsa na minti biyu. Maganin ya daɗe inda ake son sa, kaɗan ne ya sauka. Wannan dannewar ce kuma ke hana jin ɗacinsa a maƙogwaro, abin da ke sa mutane da dama ajiye kwalba wata guda cur idan azumi ya kama. Hukuncin azumi na malamai ne, amma tsarin lokaci mun iya shi: mai ɗigawa sau biyu ya yi da sahur da bayan buɗe-baki, mai latanoprost da ma sau ɗaya ne da dare. Jijiyar gani ba ta san wata ya tsaya ba. Wani abu kuma game da buɗe-baki: shan ruwa mai yawa a tashi ɗaya yana ɗaga matsin ido na ɗan lokaci, har likitoci suna da gwajin da suke ba mutum lita guda ya shanye cikin minti biyar su ga yadda makwararar idonsa za ta yi. A azumin zafi, masu ɗigawa a gidanmu kurɓa suke yi, su huta, su ƙara.

Akwai wuri guda da maganar jini ta fito fili har ba ta buƙatar gardama, kuma ya shafe mu fiye da Turawan da suka fara ta. Idan dutse ko ƙwallo ko bulala ta sami ido, jini na iya zuba a cikin ruwan gaban nan. Ga mai sikila, har da mai AS da bai taɓa kwanciya ciwo ba, ƙwayoyin jinin suna lanƙwashewa a wurin su toshe makwararar, matsi ya tashi, kuma jijiyar ganinsa tana lalacewa a matsin da ta wani za ta jure kwanaki, saboda jinin da ke ciyar da ita shi ma yana wahalar wucewa. Har akwai maganin sauke matsi da ake guje wa ba shi. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ke ɗauke da AS, duk wanda ya kai yaro asibiti da jini a ido ya faɗa wa likita wannan tun kafin a tambaye shi.

Tun wajen 2015 aka sami na'urar da ke ɗaukar hoton ƙananan hanyoyin jinin bayan ido ba tare da an yi wa mutum allura ba. Hotunan sun nuna abin da von Jaeger zai so ya gani: a idon mai gilakoma hanyoyin sun yi ƙaranci, kuma inda suka fi ƙaranci nan gani ya fi lalacewa. Sai dai almajiran Müller suna da amsa. Kasuwa ce ta mutu saboda hanya ta lalace, ko hanyar ce ciyawa ta cinye saboda kasuwa ta watse? Zaren da ya mutu ba ya neman abinci, don haka hanyar da ke kai masa sai ta ƙafe. A ganinmu, mu da muka zauna da ciwon a ɗaki ɗaya, duka biyun suna faruwa, kuma rabon kowanne ya bambanta daga ido zuwa ido. Baba da aka fara auna shi lambarsa ta haura 40. Wannan ƙafa ce ta taka mesa har ƙasa, ko wane irin inji ne ba zai tura ba. Yaya kuwa injinta ne ke yin sanyi cikin dare. Uba da 'ya, suna ɗaya a kati.

Masu neman kuɗi sun ji ƙanshin wannan magana tun kafin marasa lafiya su ji. Ga su nan a WhatsApp da TikTok da bakin tasha, da garin "wanke jijiyoyin ido", da ƙwayoyin "buɗe hanyar jini", da tozalin da aka ce yana dawo da ganin da ya tafi. Suna ɗaukar rabin gaskiya su sayar da ita a farashin cikakkiya. Har yau babu wani magani na ƙara gudun jini da aka tabbatar yana tsayar da gilakoma. Abin da aka tabbatar shi ne sauke matsi, ko da ɗigo, ko da leza, ko da tiyata, kuma abin sha'awa, har ga waɗanda matsinsu bai hau ba. Gwajin da aka fitar a 1998 a kan irinsu ya nuna cewa da aka sauke matsin da kashi 30 cikin ɗari, cutar ta ci gaba a ido 12 cikin ɗari, inda ba a yi magani ba kuwa ta ci gaba a 35. Ɗage ƙafa daga kan mesa shi ma ƙarin ruwa ne ga tumatir. A Moshi ta Tanzaniya kuma an gwada leza da timolol, aka fitar a 2021 cewa bayan shekara guda leza ta riƙe matsin a wajen ido shida cikin goma, timolol a uku. Ga mutanen da kuɗin kwalba ke gagara wata-wata, wannan labari ne da ya kamata a ce ya fi tallan tozali yawo. Mafi muni a cikin abin da ake sayarwa ma ba na gargajiya ba ne: ɗigon nan mai sitiroyid da ake saya a kemis ba takardar likita don ido ya yi ja ko yana ƙaiƙayi. Yana kwantar da jan cikin kwana biyu, amma in aka daɗe ana sa shi yana cushe makwararar a idon wasu, har yara.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta sun fitar da abin da ya shafi gilakoma a 2015: mutum biyar cikin ɗari suna da ita, ɗaya cikin biyar na masu ita ya riga ya makance, waɗanda suka san suna da ita kuwa ba su kai shida cikin ɗari ba. Ita ce ta biyu bayan yana wajen makantar da mutane, da bambanci guda: yana ana cire ta a gani, wannan ba a dawowa daga gare ta. Asibitoci suna nan, Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ECWA da na Makka a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa. Sauran casa'in da huɗun nan ba asibiti suka rasa ba tukuna. Ba su san akwai abin da za su je nema ba.

Ɗaya daga cikinsu yana iya zama autanmu. Shekararsa talatin da takwas, siriri ne kamar Baba, kullum yana kan mashin tsakanin kasuwa da gida, kuma shi kaɗai ne a cikinmu ba a taɓa leƙa bayan idonsa ba. Hujjarsa biyu ce, yana kuma faɗinsu da alfahari. Ta farko, yana tsintar allura a ƙasa. Ta biyu, duk lokacin da aka auna jininsa 100 bisa 60 ne. Ran sunan 'yarsa ya sake maimaita su a gaban kowa, ya ce, "Yaya, ni fa jinina ko na jariri albarka. Hawan me zai kama ni?"

Yaya ta juyo da kanta gaba ɗaya, don a hagunta ya zauna. Ta kama hannunsa ta riƙe, ana tsakiyar zafin Afrilu, ta ce, "Auta, me ya sa hannunka ke da sanyi haka?"

Ya yi dariya ya ce haka yake tun yana yaro. Ba ta saki hannun ba sai da ya yarda. Katin yana jakarta tare da kwalbarta, ranar Talata ne da ƙarfe takwas na safe, kuma an ce kada ya zo a kan mashin, domin maganin da za a ɗiga masa a buɗe ƙwayar ido zai dushe masa gani na wasu awoyi.